Shin Duk Gidan Da Ya Yi Ƙamshi Ya Yi Tsafta?

Yau ina so mu tattauna a kan wani abu da ya shigo gidajenmu da ƙarfinsa, wato haɗa kayan wanke gida da hannunmu. Tun da kaya suka yi tashin gwauron zabo, musamman daga 2023 da aka cire tallafin man fetur, mata da yawa sun rage sayen sabulun ruwa da ruwan goge ɗaki na kanti, sun koma haɗa nasu. Ana koyarwa a cibiyoyin sana'a, a waya ma kullum sai an turo miki sabon haɗi: ki samo khal, ki jiƙa ɓawon lemo a ciki, ki ɗiga man kanumfari ko na na'ana'a, ki girgiza, shi ke nan gida ya ɗauki ƙamshi. Wannan yunƙuri abin yabo ne, domin akwai tattali a cikinsa, akwai dogaro da kai, kuma macen da ta haɗa abu da hannunta ta fi sanin abin da ta zuba a ciki.

Amma akwai tambayar da ba kasafai ake yi ba a wajen koyon haɗin nan. Idan kin gama gogewa kin ja numfashi kin ji ƙamshi ya cika ko'ina, mene ne shaidarki cewa gidan ya yi tsafta? Kuma don wa kika yi aikin? Don baƙuwar da za ta zauna a falo minti ashirin ta tafi tana yabonki, ko don yaron da ke rarrafe a ƙasa yana kai hannu baki? Kada ki ga tambayar ƙarama ce, 'yar uwa. Amsarta ita ce ke raba tsaftar gaskiya da tsaftar ganin ido.

Hanci shaida ne, amma ba ya ganin komai

Hanci ni'ima ce babba. Shi ke gaya miki nama ya fara lalacewa, shi ke gaya miki yaro ya ɓata wando, shi ke gaya miki tukunya ta kama. Ko iskar gas da muke girki da ita kusan ba ta da wari a asalinta, masu sarrafa ta ne ke zuba mata wani sinadari mai ɗoyi da gangan, don in ta tsiyaya hanci ya sanar da ke kafin a yi gobara. Kin ga ashe wari ma yana da amfaninsa, ɗan aike ne da ke kawo miki labari. To idan kwatami ya yi ɗoyi, ko katifar yaro ta yi zarni, sai kika feshe wurin da turare ba tare da kin wanke ba, kin toshe bakin shaida ne kawai. Ina ganin wannan shi ne cin hanci na ainihi, an ba hanci abin da zai yi shiru, ƙazantar kuma tana nan inda take.

Sannan akwai abubuwan da hanci ba ya kama su ko kaɗan, kuma tarihi ya koya wa duniya wannan darasi da tsada. Shekaru aru-aru likitocin Turai sun yi imani cewa wari ne ke kawo annoba. A ƙarni na 17 har akwai likitocin da ke sanya takunkumi mai dogon baki kamar na tsuntsu, su cusa ganyaye masu ƙamshi a ciki, wai don su tsira daga annobar da ƙumar ɓeraye ke yaɗawa. Ƙamshin bai hana ƙuma cizo ba. A 1854 cutar amai da gudawa ta ɓarke a wata unguwa a birnin Landan, ta kashe mutum fiye da 600. Jama'a na cewa gurɓatacciyar iska ce, sai wani likita mai suna John Snow ya bi gidajen mamatan ɗaya bayan ɗaya, ya gano cewa mafi yawansu daga famfo guda suke ɗiban ruwa. Abin mamaki, ruwan famfon nan mutane son sa suke yi, har akwai wata dattijuwa da ke zaune a wata unguwa mai nisa da ake kai mata shi takanas saboda ta fi jin daɗin ɗanɗanonsa, ita ma cutar ta kashe ta.

Wannan ba labarin Turawan da ba ne kawai. A 2021 kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohinmu na Arewa irin su Bauchi da Kano da Jigawa da Zamfara suna cikin waɗanda suka fi jin jiki. Ƙwayar cutar ba ta da wari, ba ta da launi. Ruwa zai iya zama garai-garai a randa mai ƙamshin kajiji, alhali yana ɗauke da ita.

Ke da kika zauna gaban malama ma kin san wannan bambanci tun daga babin ruwa a Ishmawi. Ruwan da aka zuba wa wardi ko za'afaran har ya canza kama, ana iya sha ana iya girki da shi, amma ba a alwala da shi, ba ya kuma gusar da najasa. Tun a can aka raba mana ƙamshi da tsarki, kowanne da matsayinsa.

Mene ne man ƙamshin nan da ake ɗigawa?

Man da ake sayarwa a 'yan ƙananan kwalabe, na kanumfari da na'ana'a da bishiyar turare da ɓawon lemo da sauransu, tatso shi ake yi daga tsirrai, yawanci ta hanyar turara ganyen da tururi a tara abin da ya tsatso. Sana'a ce tsohuwa. Al-Kindi, masanin da ya rayu a Bagadaza a ƙarni na 9, ya rubuta littafi guda a kan haɗa turare da tace shi, da haɗe-haɗe fiye da 100 a ciki. Har yau a Ɗa'ifa ana tatsar man wardi, wanda alhazai ke tsaraba da shi. Kafin a sami kilo 1 na man wardi sai an tara furen da ya kai nauyin tan 3 ko fiye. Wannan kaɗai ya isa ya nuna miki cewa ɗigo ɗaya na irin wannan mai ba wasa ba ne, ƙarfin tulin ganye ne aka matse a wuri guda.

Gaskiya ne wasu daga cikin mayukan nan, kamar na kanumfari, suna kashe ƙwayoyin cuta idan aka gwada su da ƙarfinsu a ɗakin bincike. Sai dai ɗigo biyar a cikin bokitin ruwa bai kai wannan ƙarfi ba. Ƙari a kan haka mai ba ya haɗuwa da ruwa, yawanci sama yake tasowa ya yi ta yawo. Abin da kika samu a bokitin nan ƙamshi ne, kuma ba laifi ba ne ki so ƙamshi. Laifin shi ne ki ɗauka ya kashe cutar da ke jikin fo ɗin yaro mai gudawa, ko katakon da kika yanka ɗanyar kaza a kai.

Ainihin mai aikin shi ne sabulu da ruwa da ƙarfin hannu. Sabulu yana da baki biyu, ɗaya yana kama maiƙo, ɗaya yana kama ruwa, sai ya ɗago datti da ƙwayoyin cutar da ke maƙale a ciki, ɗauraya ta tafi da su. Kakanninmu da suke tace ruwan toka su dafa shi da mai su fitar da sabulun salo, wannan ilimin suke aiki da shi ko da ba su ba shi suna ba. Sabulunsu baƙi ne, ba shi da wani ƙamshin a zo a gani, amma yana wankewa.

Akwai kuma haɗin da ake yawan yaɗawa, wai a zuba khal a kan bekin soda. Da kin zuba sai ki ga kumfa ta taso fuuu, ranki ya yi daɗi ki ce lallai wannan haɗi da ƙarfi yake. Alhali khal tsami ne, soda kuma kishiyar tsami ce irin kanwa, in suka haɗu kashe juna suke yi, abin da zai rage miki kusan ruwan gishiri ne da iska. Ai kin san yadda kanwa ke kashe tsamin miya. Kowannensu shi kaɗai yana da aikinsa: khal yana narkar da farin dattin da ruwan rijiya ke bari a kan famfo da buta, soda kuma tana kankare maiƙo. Fankam-fankam dai ba shi ne kilishi ba.

"Ai na halitta ne, ba ya cutarwa"

Wannan magana ta zama ruwan dare a bakinmu, kuma ina roƙonki ki auna ta. Zaƙami na halitta ne. Ruwan tumfafiya na halitta ne, amma ba mai bari ya shiga idon ɗanta. Rogo mai ɗaci na halitta ne, in ba a jiƙa shi an sarrafa ba yana kisa. Kasancewar abu ya fito daga ganye bai wanke shi ba, kasancewar wani ya fito daga masana'anta bai sa ya zama abokin gaba ba. Abin dubawa shi ne mene ne, nawa aka sa, kuma wa zai taɓa shi.

Man bishiyar turare, idan ƙaramin yaro ya sha ko da cokalin shayi ne, yana iya sa shi jijjiga ko suma. Ga shi kwalbar 'yar ƙarama ce mai kyau, tana ƙamshi kamar alewa, dole ta ja hankalin yaro. Irin waɗannan mayuka suna ƙona fata idan aka shafa su tsagwaronsu, kuma ƙamshinsu mai ƙarfi yana iya tayar wa mai asma da ciwonsa. Farin ƙwallon nan da muke kira kafur, wanda ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai don ƙamshi da korar kyankyaso, likitocin yara sun daɗe suna gargaɗi a kansa. Akwai jarirai da dama a ƙasashenmu, musamman maza, da ake haifa da wani rauni na gado a jininsu, wanda sinadarin kafur ɗin ke farfasa musu ƙwayoyin jini, ya jawo shawara mai tsanani da kan iya taɓa ƙwaƙwalwa. Uwa ta yi ne don ƙauna, tana so kayan ɗanta su yi ƙamshi ranar suna. Garin gyaran gira ke nan a rasa ido.

Haka turaren wutarmu da muke ji da shi. Garwashin gawayi a ɗakin da aka rufe ƙofa da taga yana fitar da wata iska mai guba da ba ta da wari sam, mutum sai dai ya ji ciwon kai da jiri da barci. A lokacin sanyi, da kasko a ɗaka, ga jariri a kwance, ki bar taga a buɗe, in ƙamshi ya kama ki fitar da wutar waje.

Hakkin wanda bai san abin da ke cikin gorar ba

Nan ne maganar ta fi nauyi, 'yar uwa. Ranar da kika fara haɗa kayan wanki da kanki, kin ɗauki aikin da kamfani ke yi, kuma kin ɗauki alhakin da ke kansa. Kayan kanti suna zuwa da takarda a jiki, da gargaɗi, da lambar hukumar NAFDAC. Naki fa? Yawanci a gorar lemo ko ta ruwan sha ake ɗurawa, ba rubutu, a ajiye a ƙarƙashin gado ko bayan ƙofar kicin.

Masu yin sabulu sun san sodar nan mai ƙuna da ake jiƙawa a bari ta kwana. In ta narke ba ta da maraba da ruwan sha a ido. Asibitoci a Nijeriya da Gana da Saliyo sun sha karɓar yaran da suka kurɓi wannan ruwa da ƙishirwa, ya ƙone musu maƙogwaro, ya warke a tsuke, har yaro ya kasa haɗiye abinci, a yi ta zaryar asibiti wata da watanni ana buɗa masa hanya. Uwar ba muguwa ba ce, sana'a take nema. Amma yaron da ya ga gorar lemo ya ɗauka lemo ne bai yi kuskure ba, gorar ce ta yi masa ƙarya. Idan Allah Ya kawo tsautsayi yaro ya sha soda ko kananzir ko man ƙamshi, kada a sa shi amai, kada a tsaya ɗura masa manja, a ɗauki gorar a garzaya asibiti.

Sai kuma 'yar aikinki, ko ƙanwar da kike riƙo. Sau da yawa ke ce mai haɗawa, ita ce mai tsoma hannu. Ke ce mai karɓar yabo a falo, ita ce mai shiga banɗaki ta rufo ƙofa. Kin taɓa duba tafin hannunta? Kin saya mata safar hannu? Kin gaya mata abin da ba a haɗawa? Domin akwai haɗin da ke kisa. Ruwan bilic, irin su Hypo da Jik, idan ya haɗu da abu mai tsami, ko khal ne, ko lemon tsami, ko ruwan wanke masai mai asid, yana fitar da iskar kulorin. Wannan iska ce aka yi amfani da ita a matsayin makami a yaƙin duniya na ɗaya, a ƙasar Beljiyam a 1915. Mace ta ga kowanne yana da ƙarfi, ta ce bari in gwama su aiki ya fi kyau, sai tari ya sarƙe ta a ɗan ƙaramin banɗaki marar taga. Rashin sani ya fi dare duhu, amma rashin sanin yarinyar da ke ƙarƙashinki, ke za a tambaya.

Idan kuma sayarwa kike yi, to hakkin ya ƙaru. Wasu masu koyar da sabulun ruwa suna sa a zuba fomalin don kada ya lalace, alhali tun 2004 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya sinadarin da ke cikinsa a jerin abubuwan da ke jawo wa ɗan Adam sankara. Akwai madadinsa a wajen masu sayar da sinadarai, ki tambaya. Wata kuma za ta tsinka haɗin da ruwa, ta ƙara kala da turare don ya rufe, ta san mai saye da hanci take saye. Wannan algus ne, ko da kwalbar ta fi kowacce ƙamshi a kasuwa.

To a daina ƙamshi ke nan?

Na san za ki ce, haba, to mu zauna gida yana warin bilic kamar asibiti? A'a. Ƙamshi yana da hakkinsa. Yana sanyaya ran maigida idan ya dawo a gajiye, yana girmama baƙo, ke kanki yana sa ki ji daɗin zama a ɗakinki. Matan Borno da suka gaji haɗa humra da turaren wuta ba aikin banza suka gada ba. Kuma ba kowane lungu ne ke buƙatar a kashe masa ƙwayoyin cuta kullum ba, falo da ɗakin kwana shara da sabulu da ruwa sun ishe su. Maganar ita ce a san na gaba a san na baya. Wanki ne uwa, ƙamshi ado ne da ke biyo baya. Amarya ma sai ta yi wanka ake feshe ta.

Saboda haka in za ki goge ɗaki, ki zuba sabulun ruwa cokali biyu a ƙaramin kofi, ki ɗiga man ƙamshinki kaɗan a cikin sabulun ki juya, sannan ki juye a bokiti, ta haka ne man zai bi ruwan. Khal da kika jiƙa wa ɓawon lemo mako biyu, ki tace ki haɗa shi da ruwa daidai wa daida, ki goge gilashi da famfo, amma ban da dutsen mabul, domin tsami yana cin sa. Tsumman goge-goge da soson wanke-wanke ki wanke su ki shanya a rana su bushe ƙarau, domin jiƙaƙƙen tsumma gidan ƙwayoyin cuta ne ko da yana ƙamshin lemo.

Ranar da kuwa aka sami mai amai da gudawa a gida, ko jini ya zuba, to ranar ba ta man kanumfari ba ce. Ki fara kwashe ƙazantar, ki wanke da sabulu ki ɗauraye, sannan ki bi da bilic. Ki duba jikin gorar, in an rubuta kashi 3.5 cikin 100, ki zuba awo 1 a cikin awo 6 na ruwa, ki bar shi a wurin kamar minti 10, taga a buɗe. Ki haɗa na yini ɗaya kawai, domin in ya kwana ƙarfinsa raguwa yake yi. Duk abin da kika haɗa kuma ki rubuta sunansa a jiki, ki guji gorar abin sha, ki ajiye a sama inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Abin da ba a yabo

In kin lura, duk ayyukan da ke kare rai a gida ba su da mai yabo. Ba baƙuwar da za ta ce kai, wance, kin iya wanke hannu bayan kin yi wa yaro tsarki. Ba wadda za ta leƙa randarki ta ga ko a rufe take, ko ta duba saman kabad ta ga inda kika ɓoye soda. Ƙamshi kuwa tun daga zaure ake jin sa, a yi ta santi. Shi ya sa zuciya ta fi karkata gare shi, domin ladansa a hannu yake, nan take. Wancan kuwa sakamakonsa shi ne abin da bai faru ba: gudawar da yaro bai yi ba, daren da ba a kwana a asibiti ba.

Don haka ki ci gaba da haɗinki, ki koya wa 'ya'yanki mata, ki yi sana'a da shi in kin samu hali. Amma kafin ki ɗauki kwalbar turare, ki tuna da wanda ya fi kowa rauni a gidan, jariri ne, ko tsohuwa mai tari, ko yarinyar da ke miki wanke-wanke, ki tambayi kanki ko abin da kika haɗa ya kare shi. In ya kare shi, to bismilla, ki kunna turarenki. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar gidajenmu, Ya tsare mana zuri'a. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.